Ranar Da Na Tona Asirin Alherin Alhaji Mudi

Ɗazu ina alwala na ji ɗayanku yana cewa wai aikin sakataren ƙungiyar tsofaffin ɗalibai ai ba wani aiki ba ne, ka tura lambar asusu a waya, ka haɗa da hoton ajin da iska ta yaye wa rufi, kuɗi su yi ta shigowa. Ban yi fushi ba. To, na ɗan yi, amma ya wuce. Ku matso da kujerunku, tunda ku za ku gaje ni a ofishin nan, in gaya muku abin da na shafe shekara talatin da ɗoriya ina yi, wanda ku kuke gani kamar yawon gaishe-gaishe ne da shan fura a zaurukan mutane.

Karɓar kyauta ta farko ba gwaninta ba ce. Duk wanda ya kwana a ɗakunan kwalejin nan tamu ta horon malamai, ya sha kokon safen nan da kake hango ƙasan kofi ta cikinsa, in ka same shi ranar da yake cikin nishaɗi ka tuna masa, zai sa hannu a aljihu. Aikin shi ne ya sake bayarwa baɗi, ya kuma bayar baɗin-baɗaɗa, ba tare da ya fara canza hanya in ya hango ka ba. Na ga mutane da yawa sun bayar sau ɗaya, an yi musu tafi, daga nan ba a sake ganin ƙeyarsu ba.

Aikin farko da aka ba ni a ɗakin nan shi ne lasar kan sarki. Ina koyarwa a wata firamare lokacin, sai Malam Ɗan'azumi, wanda ya kafa ƙungiyar, kowa na ce masa Baba Sakatare, ya ga rubutuna a jikin wata takardar gayyata, ya ce in riƙa zuwa da yamma ina taya shi. Ofishin dai wannan ne na Gyadi-Gyadi, sai dai lokacin babu fanka, kuma mai kemis ɗin gaba ne ke ajiye mana mukulli. Kayan aikinmu ba su da yawa. Akwai tafireta, akwai injin gurza takarda da ake juyawa da hannu, wanda bai taɓa barin farar riga ta koma gida fara ba. Akwai basfar Baba, wato babur ɗinsa, wadda sai an kwantar da ita gefe guda kafin ta yarda ta tashi. Sai akwatin katuna. Kowane tsohon ɗalibi da katinsa: sunansa, shekarar da ya fita, ɗakin kwanan da ya zauna, sunan tsokanarsa na makaranta, garin surukansa, da wanda ba sa ga maciji da shi, don kada ka haɗa su benci ɗaya ranar taro.

Amma babban kayan aikin wata 'yar ƙaramar rediyo ce. Baba ba ya barin sanarwar rasuwa ta wuce shi. Da ya ji sunan mamaci da unguwa sai ya jawo akwatin, ya lalubo kati, ya ce wannan ai mahaifiyar wane ce, ɗan ajin su wane, tashi mu je. Dokarsa ita ce sai ka je wa mutum sau uku ba ka roƙe shi komai ba, ko ta'aziyya ko barka ko dubiya, sannan a zuwa na huɗu ka fito da takarda. Ba a fafe gora ranar tafiya, in ji shi.

Fitata ta farko ni kaɗai, wani hedimasta aka yi wa haihuwa a Unguwar Gano. Na je suna, na ci waina, na yi barka. Da zan tashi sai na ga ai dama ta samu, na zaro wasiƙar neman gudummawa na miƙa masa a gaban baƙinsa. Ya karɓa ya cusa ƙarƙashin tabarma. Na dawo ina jin na yi abin kai. Baba ya saurare ni har na gama, sannan ya miƙo mini mukullin basfa, ya ce in koma in karɓo wasiƙata, in kuma gaya wa mutumin ni sabon shiga ne. Na koma da rana tsaka, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Hedimastan ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ɗaga tabarma ya ba ni abata. Mutumin nan bai taɓa tsallake shekara bai bayar ba har ya yi ritaya.

Akwai kuma kai mutum ya ga kayansa. Wata malama ta taɓa ba da siminti buhu biyu daga kwasar adashinta. Da aka gama gyaran bangon ɗakin kwanan mata, Baba ya ɗauki shatar tasi, wadda kuɗinta ya kusa rabin simintin, muka kai ta har gaban bangon. Na yi ta mita a hanya ina cewa asara ce. Ta sauka, ta shafa bangon, ta ce a nan gadonta yake da. Baɗi ba mu neme ta ba, ita ta nemo mu, kuma da ƙawayenta uku ta zo. Mata sun fi maza riƙo a harkar nan, ku rubuta wannan ku ajiye.

Masu bayarwa iri-iri ne. Wani sai an kira sunansa a lasifika. Wani ba zai ba ka ba sai ka zo masa da wanda ya yi masa siniya a makaranta, ko da shi yanzu darakta ne siniyan kuwa ɗan fansho mai keke. Akwai kuma wanda in ka ambaci sunansa ka rasa shi. Irin su ba su da yawa, kuma a kan ɗayansu na yi babban kuskuren rayuwata. Zan kira shi Alhaji Mudi. Ba sunansa ke nan ba, kada ku wahalar da kanku da binciken akwatin, na cire katinsa tuntuni.

Lokacin da idon Baba ya fara ba shi matsala ya miƙa mini mukulli da akwati da basfar, sannan ya ce in goya shi zuwa kasuwar Tarauni, akwai sauran amana guda. Ya kai ni shagon wani mai sayar da siminti da kwanon rufi, mutum siriri, mara yawan magana, wanda ya yi koyarwa 'yan shekaru kafin ya koma kasuwa. A nan na ji abin da ko kwamiti bai sani ba. Duk shekara akwai ɗaliban ajin ƙarshe da ke kasa biyan kuɗin rajista. Yawancinsu ba yara ba ne, malaman ƙauye ne masu iyali da suka zo ƙaro ilimi, wasu zawarawa ne masu marayu. Wanda bai yi rajista ba kuwa ba zai zauna jarrabawar fita ba. Sakatare zai tattara sunayensu ya kawo shagon, Alhaji Mudi ya karanta, ya shiga ciki, ya fito da kuɗin a naɗe cikin takardar buhun siminti. Sharaɗi ɗaya ne: kada kowa ya ji, ko kwamiti, ko ɗaliban, ko iyalinsa. A rahoton shekara sai mu rubuta "wani bawan Allah". Na ce na ɗauka. Na kuwa riƙe shekara da shekaru, kuma har ina alfahari da kaina a ɓoye.

Sai shekarar da soja suka koma bariki, aka dawo mulkin farar hula. Ku ba ku ga garin nan a lokacin ba. Kowane bango fosta, kowace Asabar ƙaddamarwa. Wanda jiya yake bin layin albashi tare da kai, yau an ce masa Onarabul, yana tafe da mota da 'yan rakiya. Tsofaffin ɗalibanmu da yawa sun samu kujeru, ni ma na yi murna, don na ce kakarmu ta yanke saƙa. Sabon kwamiti ya ce zamanin bin mutane da basfa ana karɓar buhu biyu ya wuce, za a yi gagarumin taron gidauniya a tara na shekara goma a wuni guda. Na ce to, amma kada a manta da ƙananan masu bayarwa, su ne tuwon gida. Aka ce wai ni Malam Isyaku na tsufa da wuri.

Ranar taron an kafa rumfuna a filin wata firamare a Tarauni, an jera kujerun roba, an kawo shinkafa da lemo, an ɗauko maroƙi mai murya kamar ta jirgin ƙasa. Ni aka ba takarda da biro ina rubuta alkawura. Wannan ya tashi ya yi alkawarin rijiyar burtsatse, a yi kabbara. Wancan ya ce zai sake ɗakin karatu tun daga tushe, a yi tafi. Hannuna har ya gaji. Can baya na hango Alhaji Mudi a kujerar ƙarshe, ya zo ne kawai don kada a ce bai zo ba, yana jan carbinsa.

Sai Onarabul Tasi'u ya karɓi makirufo. Tsohon ɗalibinmu ne, ƙanin bayan Alhaji Mudi a makaranta nesa ba kusa ba, sabon cin zaɓe, hularsa ma tana tsaye da kanta. Ya yi alkawarin bas sabuwa fil. Da aka gama tafi bai sauka ba. Ya ce abin da ke ba shi takaici shi ne akwai 'yan kasuwa a cikinmu, masu sauke tirelar siminti duk mako, amma ko ƙusa ɗaya ba su taɓa ba makarantar da ta yi su ba, sai dai a zo a zauna a baya ana jiran shinkafa. Kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake. Mutane suka waiwaya, aka yi dariya. Alhaji Mudi murmushi kawai ya yi.

Ni kuwa jinina ya hau. Kun san halina, ba sai na faɗa muku ba. Ban san lokacin da na ajiye takardar ba, sai ganina na yi da makirufo a hannu.

"Jama'a, ranar wanka ba a ɓoye cibi," na ce. "Bawan Allahn nan da kuke gani a rahoto kowace shekara, mai biya wa ɗalibai rajista, ga shi can zaune a baya. Alhaji Mudi ne. Mu da muke alkawari, shi ya daɗe da cikawa."

Wuri ya kaure da kabbara. Maroƙi ya bar manyan baƙi ya ruga baya yana wasa shi. Onarabul ya yi tsuru-tsuru, ni kuwa na ji daɗi, wallahi na ji daɗi, kamar na sauke kaya. Alhaji Mudi ya miƙe, ya sa carbinsa a aljihu, ya ratsa ta bayan rumfa ya tafi. Ko lemonsa bai buɗe ba. Na ce a raina kunya ce irin ta mutanen kirki.

Bayan kwana uku na je gidansa a Unguwar Gano, ina tsammanin godiya. Tun daga bakin layi na ga jama'a. Wannan da takardar asibiti, wancan da katin makarantar ɗansa, wani aure zai yi. 'Yan jam'iyya biyu daban-daban sun zo kowanne na so ya zama uban tafiyarsu. Dangi sun taso daga ƙauye suna cewa ashe yana da na biya wa bare, su ya bar su. Yayarsa da kanta tana cikin gida tun jiya, an ce ta rantse ba za ta tafi ba sai an yi lissafin 'ya'yanta. Na kutsa da ƙyar. Ya karɓe ni a zaure, ya sa aka shimfiɗa mini darduma, aka kawo ruwa, muka gaisa kamar kullum. Sai da na sha ruwan ya yi magana.

"Isyaku, wa ya aike ka?"

Na ce masa zaginsa aka yi a bainar jama'a, ni kuwa zuciyata ba ta iya ɗauka ba.

"Ni aka zaga ko kai?" in ji shi. "Mutanen nan na waje ba su ne damuwata ba, za su gaji. Abu ɗaya na ware tsakanina da Ubangijina, ka ɗauka ka kai kasuwa, ka sayar a kan tafi. Bana kada ka kawo mini takarda."

Bai ɗaga murya ba, har bakin ƙofa ya rako ni. Na hau basfa na manta ban kunna ta ba.

Ga inda gizo ke saƙa. Saura mako uku a rufe rajista, kuma mutum goma sha huɗu ne a jerina. Na riga na gaya musu su kwantar da hankali, bawan Allah yana nan kamar kowace shekara. Akwai wani malami daga wani ƙauye bayan Rano, mai 'ya'ya shida, wanda hutun karatun da aka ba shi zai ƙare a shekarar. In bai zauna jarrabawa ba, shekara uku sun tafi a banza, zai koma ƙauye da ƙaramar takardar da ya zo da ita. Sauran ma kusan haka.

Na ce ai ga alkawura cike da takarda, bari in bi. Na bi kuwa. Mai rijiya ya tafi Abuja. Mai ɗakin karatu yana ganawa, kullum yana ganawa, ban san da wa ba. Gidan Onarabul Tasi'u na je sau biyar, har maigadinsa ya fara ajiye mini benci, ya ce bas ɗin tana kan teku. Wani ya ba ni cek, banki suka dawo mini da shi suna murmushi. Na juya wajen ƙananan masu bayarwa, waɗanda ba mu ko aika musu katin gayyata mai kyau ba, suka ce ai sun ji a rediyo mun tara abin da za mu gina sabuwar kwaleji, me za mu yi da ɗan nasu? Shekarar da aka fi yi mana alkawari ita ce shekarar da muka fi tsiya.

Da na ga abin ya fi ƙarfina na tafi Daurawa wajen Baba Sakatare. Lokacin ba ya gani sosai, yana zaune a ƙofar gida da rediyonsa a kunne. Labari ya riga ni zuwa. Ya yi mini dariya son ransa, ya ce gyaran gangar Auzinawa ke nan, na tashi kare mutum na kwance masa zani. Na ce Baba a bar dariya, ya zan yi? Ko in ɗauko siniyoyinsa mu je kamun ƙafa? Ya ce in na tara masa mutane na ƙara tona shi ke nan. Sai ya tambaye ni me na raba Alhaji da shi. Na ce sirrinsa.

"To shi za ka mayar masa," in ji Baba. "Ya ce ya daina, ko? Ka je ka gaya wa duniya ya daina, ba ƙarya ka yi ba. Za su zage shi, za su zage ka. Ka riƙe bakin nan naka. In ka sake kare shi, ko da kalma ɗaya, ka rasa shi har abada."

Na tambaye shi ɗaliban fa. Ya ce in rubuta lambobin rajistarsu kawai, ba sunaye ba, da abin da ake bin kowanne, in manna a allon sanarwa na ƙofar ofis kamar kowace takarda. Mai ido zai gani. In kuma ba a gani ba, to ni na jawo, sai in san yadda zan yi.

Ranar Asabar aka kira taron gaggawa a wani aji a Gyadi-Gyadi. Mutane sun zo da yawa, don an ji akwai magana. Har Onarabul ya zo, tunda ranar ba ta bayarwa ba ce. Na miƙe na ce ina sanar da ƙungiya cewa Alhaji Mudi ya janye hannunsa, ya ce kada a sake kai masa takarda, na zauna.

Kai, ranar na ji maganganu. Wani ya ce dama suna yake nema, da ya samu ya gudu. Wani ya ce ɗan kasuwa ai ba ya yin abu don Allah. Onarabul ya miƙe ya gyara babbar riga, ya ce shi tun farko bai yarda da tatsuniyar ba, sakatare ne ya ƙirƙiro ta don ya kunyata shi a gaban jama'a, watakila ma an ba shi buhun siminti ne. Aka yi dariya. Ni, Isyaku, da rasit na shekara da shekaru a cikin jakar da ke kan cinyata. Hannuna har ya kai kan zif ɗin. Shugaban ƙungiya ya juyo ya ce, Sakatare, an yi magana a kanka, me za ka ce? Na janye hannuna daga zif ɗin, harshena kamar zai fita da kansa.

"Ba ni da abin cewa, ranka ya daɗe," na ce. "Sai batu na gaba."

Ban taɓa yin aiki mai wuya irin wannan ba, har da ranar da na tura basfa daga Daurawa zuwa nan. Na koma gida maƙaryaci a idon mutanen da na yi wa hidima shekara da shekaru. Matata ta ce lafiya na ƙi cin tuwo, na ce mata ciki ne.

Labari kuwa ya zaga da sauri fiye da na farko, don labarin rowa ya fi na kyauta ƙafa. Cikin kwana huɗu layin ƙofar gidansa ya watse. 'Yan jam'iyya suka nemi wani uban. Na ji an ce yayarsa ma ta tafi, bayan ta gaya masa dama ta san halinsa tun yana yaro. Ni dai na buga lambobi goma sha huɗu a tafireta, na manna a allon ƙofar nan, wanda duk mai wucewa zuwa titin Zariya zai gani. Kullum da safe in duba, takardar na nan, ba wanda ya ce mini uffan.

Ranar rufe rajista na tafi kwaleji da niyyar roƙon a ƙara mana mako guda. Na riga na yi wa wani dillali maganar basfar. Malamin nan na bayan Rano yana zaune a barandar ofishin kuɗi, ya gan ni ya miƙe da fara'a, ni kuwa na kasa haɗa ido da shi. Na shiga wajen Malam Habu kashiya na fara dogon bayani. Ya bar ni na yi nisa, sannan ya ce wai wace alfarma nake nema, mutanena ai an biya musu tun ranar Alhamis. Ya jawo takardun banki ya baje mini. Goma sha huɗu cif, kowacce da lambarta. A gurbin sunan mai biya an rubuta "Bawan Allah". Na ce wa ya kawo? Ya ce shi takarda yake gani, ba fuska ba. Na fito na gaya wa malamin ya shiga ya karɓi katinsa, na zaga bayan ofis na yi sujada a kan tsakuwa.

Sai da na bar mako guda ya wuce sannan na je shagon, gaisuwa kawai, hannu rabbana. Na same shi yana sa ido ana loda kwano a mota. Muka gaisa, ya nuna mini benci.

"An ce an zage ni a gabanka ranar Asabar."

"An yi, Alhaji."

"Me ka ce?"

"Ban ce komai ba."

"Madalla." Ya leƙa waje ya kira mai fura, ya ce a dama wa Malam mai kyau, a sa nono da yawa.

Iyakar maganar da muka taɓa yi a kai ke nan. Ban tambaye shi ba, bai gaya mini ba. Na koma bin ƙananan masu bayarwa gida-gida, sau uku-uku ba roƙo, kamar sabon shiga, kuma sai da na yi shekara uku kafin yawancinsu su dawo. Bas ɗin Onarabul har yau tana kan teku. Duk shekara in lokaci ya yi sai in buga lambobi in manna a allo, kafin a rufe rajista Malam Habu ya ce mini an biya. Wata shekara mutum tara, wata ashirin. A taro kuwa in an zo lissafin marowatan ƙungiya, sunan Alhaji Mudi ne farko. Ina zaune ina rubuta bayanin taro, ba na ɗaga kai. Shi ma in ya zo yana can baya da carbinsa, wani lokaci mu haɗa ido, sai in ga kamar dariya yake dannewa. Haka muka yi shekara goma sha bakwai, kuma ban taɓa iya rantsuwa cewa shi ne ba, don ban gani da idona ba.

Ya rasu da damina, bayan gajeriyar jinya. A maƙabarta wani ɗan ƙungiya da ke kusa da ni ya ce Allah ya jiƙansa, mutum ne mai kirki, sai dai hannu a dunƙule. Na ce amin.

Da lokacin rajista ya zo na manna lambobi kamar kullum, mutum goma sha ɗaya. Ranar ƙarshe na je ofishin kuɗi. Malam Habu, wanda shi ma saura kaɗan ya yi ritaya, ya juya takardun banki, ya sake juyawa tun daga farko, ya cire tabarau ya goge ya kuma dubawa. Sannan ya ɗago ya dube ni.

"Malam Isyaku," ya ce, "bana Bawan Allah bai zo ba."